Waye Ke Da Ikon Rubuta Maka Magani? Yadda Jihohin Amurka Ke Sauya Dokokin Famasi

 Kamar kullum, ga shirin namu na wannan mako a rubuce, domin waɗanda data ba ta ishe su saurare ba da kuma waɗanda dama sun fi son karatu.

Lokacin da nake yaro, idan zazzaɓi ya kama wani a gidanmu, ba a fara tunanin asibiti. Mahaifiyata takan kwance bakin zani ta ba ni kuɗi, ta ce in je kemis a haɗo na zazzaɓi da ciwon jiki. Mai kemis ɗin ko ganin mara lafiyar ba ya yi. Tambayarsa ɗaya ce, babba ne ko yaro? Sai ya ɓallo wannan, ya ɓallo wancan, ya ƙulle a 'yar leda ya ce fari biyu, ja ɗaya, safe da yamma. Na san da yawanku kun yi irin wannan aiken.

To a Amurka abin ya daɗe yana akasin haka. Can mutum zai yi shekara shida zuwa takwas yana karatun magani a jami'a, ya fito da digirin dakta a fannin, amma doka ta hana shi miƙa maka maganin ciwon maƙogwaro sai ka kawo takardar likita. Yanzu wannan yana canzawa, jiha bayan jiha, kuma a 'yan shekarun nan canjin ya ƙara sauri. Tarihin wannan canji zan ba ku yau: yadda aka ƙwace alƙalami daga hannun masu harhaɗa magunguna, yadda ake mayar musu da shi, da kuma abin da ya faru a duk inda aka ba da iko ba tare da sa ido ba. Idan na ce famasis a cikin shirin nan, ina nufin masanin harhaɗa magunguna wanda ya yi jami'a kuma yake da lasisi, kada a haɗa shi da mai kemis na unguwa.

Abu na farko da za ku riƙe shi ne, a Amurka an raba aikin gida biyu. Gwamnatin tarayya, ta hannun hukumar FDA, ita ke cewa wannan magani ya halatta a sayar, wannan sai da takardar likita, wancan kuma kowa na iya saya. Amma waye zai samu lasisin yin sana'ar, me zai yi a kantinsa, me ba zai yi ba, wannan hurumin jiha ne. Jihohi 50, kowace da majalisarta da hukumar famasi tata. Shi ya sa abin da famasis zai yi maka hankalinsa kwance a wata jiha, idan ya yi shi a jihar da ke maƙwabtaka da ita lasisinsa na iya tafiya. Mu a Najeriya ba haka tsarin yake ba. Kundin tsarin mulki na 1999 ya sa batun magunguna da guba cikin abubuwan da majalisar tarayya kaɗai ke yi wa doka, don haka dokar sana'ar daga Abuja take fitowa.

Mu koma baya. A farkon ƙarni na 19, kusan kowa a Amurka na iya buɗe kanti ya riƙa daka saiwoyi yana haɗa ruwan magani. A birnin New Orleans na jihar Louisiana ne, a shekarar 1816, wani mai suna Louis Dufilho ya ci jarrabawar da hukuma ta shirya, kuma shi ake ɗauka a matsayin famasis na farko mai lasisi a ƙasar. Kantin nasa yana nan har yau, an mayar da shi gidan tarihi. A wancan zamani mai kantin magani shi ne likitan talaka. Ka zo ka faɗa masa abin da ke damunka, ya haɗa maka da hannunsa. Kusan irin kemis ɗinmu ne, sai dai shi da kansa yake harhaɗawa.

Abin da ya fara rufe wannan ƙofa masifa ce. A 1937 wani kamfani a jihar Tennessee ya fitar da wani maganin ruwa na kashe ƙwayoyin cuta. Don ya narkar da garin maganin, sai ya yi amfani da wani sinadari mai ɗan zaƙi da ake kira dayetilin gilaikol, wanda guba ne mai kashe ƙoda. Mutum fiye da 100 suka mutu, da yawansu yara. Idan sunan sinadarin ya yi muku kamar kun taɓa ji, shi ne dai aka samu a maganin haƙorin jarirai na My Pikin da ya kashe yara aƙalla 84 a Najeriya daga ƙarshen 2008. A Amurka mutuwar ta 1937 ta sa majalisar tarayya ta yi doka a 1938 cewa dole kamfani ya nuna maganinsa ba ya cutarwa kafin ya shigar da shi kasuwa.

Sai kuma 1951, shekarar da aka ja layin da har yau ake rigima a kai. Majalisar tarayya ta raba magunguna kashi biyu a fili, waɗanda sai da takardar likita da waɗanda ba sai da ita ba. Abin mamakin shi ne, mutum biyun da dokar ke ɗauke da sunansu duk 'yan sana'ar ne. Carl Durham, ɗan majalisar wakilai daga North Carolina, famasis ne. Hubert Humphrey, sanata daga Minnesota wanda daga baya ya zama mataimakin shugaban ƙasa, ya yi aiki a kantin maganin mahaifinsa kuma yana da lasisi. Suna son a kare jama'a, kuma suna son a cire 'yan uwansu daga ruɗani, domin kafin lokacin magani ɗaya wani kamfani ya ce sai da takarda, wani ya ce ba sai da ita ba. Amma sakamakon shi ne alƙalami ya koma hannun likita kacokan.

Abin har ya wuce nan. Ƙa'idar aiki da ƙungiyar famasis ta ƙasar ta fitar a 1952 ta ce bai dace famasis ya tattauna da mara lafiya a kan amfanin maganin da likita ya rubuta ko abin da ke cikinsa ba. Idan an tambaye shi, ya ce a koma wurin likita. Ku yi tunani fa. Mutumin da ya fi kowa sanin maganin a unguwar, an ce ya ja bakinsa ya yi shiru. A daidai lokacin kuma manyan kamfanoni sun karɓe aikin harhaɗawa, magani yana zuwa a shirye daga masana'anta. Sai aikin famasis ya koma ƙirga ƙwaya, zubawa a kwalba, liƙa takarda, miƙawa. Su kansu 'yan sana'ar da haka suke tsokanar wancan zamanin. Sai a 1969 aka cire wannan hani daga ƙa'idar.

Daga nan aka fara dawowa, a hankali ƙwarai. A 1979 jihar Washinton, wadda ke can arewa maso yamma, ta zama ta farko da ta yarda likita da famasis su rattaba hannu a kan yarjejeniya, likita ya ce na amince ka fara wa marasa lafiya magani kaza ko ka gyara musu adadinsa bisa waɗannan sharuɗɗa. Iko ne na aro, domin idan babu likitan da ya sa hannu, babu aikin. A 1990 wata dokar tarayya ta tilasta wa jihohi su sa famasis ya riƙa yi wa marasa lafiyar da gwamnati ke biya wa magani tayin bayani a kan maganinsu, yawancin jihohi kuma suka faɗaɗa abin ya shafi kowa. Kun ga cikin shekara arba'in an tashi daga kada ka yi magana zuwa dole ka yi.

Sai allurar rigakafi. A tsakiyar shekarun 1990 aka fara horar da famasis su yi wa manya allurar mura, jihohi suka riƙa amincewa ɗaya bayan ɗaya. Jihar Maine ce ta ƙarshe, a 2009. An yi shekara goma sha kafin abu mai sauƙi irin wannan ya game ƙasar, kuma wannan shi ne halin tsarin jihohi: wata ta gwada, sauran su zuba ido su ga ko za a mutu.

Kafin in shiga shekarun baya-bayan nan, dole in tsaya a 2012, domin abin da ya faru a shekarar shi ke nuna ɗaya fuskar barin al'amari a hannun jiha. A garin Framingham na jihar Massachusetts akwai wani kamfani mai suna New England Compounding Center. A takarda famasi ne, lasisin hukumar jiha gare shi, aikinsa ya haɗa magani na musamman ga mara lafiya ɗaya bisa takardar likitansa. A zahiri kuwa masana'anta ce, tana haɗa allurai dubbai tana aikawa ko'ina a ƙasar, har da sunayen marasa lafiya na bogi don a cika takarda. Tunda sunansa famasi, FDA ba ta bibiyarsa yadda take bibiyar masana'antu. Hukumar jihar kuma ba ta yi aikinta ba. Har jihar Colorado ta aiko da ƙorafi a kan kamfanin 'yan watanni kafin abin ya fashe, ba a ɗauki mataki ba.

A shekarar kamfanin ya aika kwalaben allurar ciwon baya fiye da 17,000 zuwa jihohi 23, alhali fumfuna ta gurɓata su. Allura ce da ake yi a kusa da lakar baya. Mutane suka fara kamuwa da wani irin sanƙarau da likitoci ba su saba gani ba. Hukumar yaƙi da cututtuka ta ƙasar ta ƙirga mutum 753 da suka kamu a jihohi 20, 64 suka rasu a ƙidayar farko, daga baya adadin ya haura 100. Shugaban kamfanin, Barry Cadden, an yanke masa ɗaurin shekara 9 a 2017, daga baya aka ƙara ya koma 14 da rabi. A 2013 majalisar tarayya ta buɗe wani sabon rukuni inda masu haɗa magani da yawa za su yi rajista da FDA a riƙa duba su, Massachusetts kuma ta sake dokarta a 2014. Gani ga wane ya ishi wane tsoron Allah, jihohi da dama suka ƙara tsaurara binciken irin waɗannan wurare.

Na kawo wannan ne don ku ga cewa a lokaci guda jihohin suna abu biyu: suna ƙara ɗaure wani ɓangare na sana'ar, suna kwance wani. Domin a 2013 ɗin dai Kalifoniya ta yi dokar da ta ayyana famasis a matsayin ma'aikacin lafiya mai kula da mara lafiya, ta ba shi damar bayar da maganin tazarar haihuwa, da maganin daina shan taba, da magungunan da matafiyi ke buƙata, ba tare da takardar likita ba. Amma Oregon ce ta riga ta fara aiwatarwa. Daga 1 ga Janairun 2016, mace a Oregon na iya shiga famasi, ta cike takardar tambayoyi a kan lafiyarta, a gwada hawan jininta, idan babu matsala a rubuta mata maganin tazarar haihuwa a nan take. Ɗan majalisar da ya jagoranci ƙudirin, Knute Buehler, shi kansa likitan ƙashi ne. Yau fiye da rabin jihohin ƙasar sun bi sahu.

Annobar shan ƙwaya ita ma ta tura. Akwai wani magani mai suna naloxone, wanda idan mutum ya sha ƙwaya irin su hodar heroin ko fentanil har numfashinsa ya fara tsayawa, a fesa masa a hanci ya farfaɗo cikin mintuna. Da can sai da takardar likita. To wa zai je neman takarda alhali ɗansa na kwance yana shure-shure? Jihohi suka yi ta yin dokokin da suka bai wa famasis damar miƙa shi kai tsaye, har ya zama kowace jiha tana da irin wannan hanya. A ƙasar da mutum fiye da 100,000 suka mutu sanadin ƙwaya a 2021, wannan ba ƙaramin abu ba ne. Sai a Maris 2023 FDA ta ce kowa na iya sayen na fesawa a hanci ba takarda. Jihohi sun riga tarayya da shekaru.

Yanzu mu zo jihar da na fi son ku sani, Idaho. Jiha ce ta duwatsu da gonakin dankali, ta ninka jihar Kano sau goma a faɗin ƙasa, amma a lokacin mutanenta ba su kai miliyan biyu ba, kuma tana cikin jihohin da suka fi ƙarancin likitoci idan aka kwatanta da yawan jama'a. Akwai garuruwan da ganin likita tafiya ce ta sa'o'i, amma akwai famasi a bakin titi. Rashin uwa kan sa a yi uwar ɗaki.

Abin da sauran jihohi ke yi shi ne, duk maganin da ake son famasis ya bayar sai an kai ƙudiri majalisa, a yi ta ja-in-ja, wani lokaci shekaru. Idaho ta ce wannan hanya ba za ta ɓulle ba. A 2017 majalisarta ta zana iyakoki huɗu. Famasis na iya rubuta magani idan ciwon ba ya buƙatar sabon binciken gano cuta, ko ƙaramin ciwo ne mai warkewa da kansa, ko akwai gwaji mai sauƙi da za a yi a kantin ya nuna cutar, ko kuma gaggawa ce da jira zai cutar da mara lafiya. Daga Yulin 2018 hukumar famasi ta jihar ta fitar da jerin abubuwa, ciki har da ƙwarƙwata, ƙurajen leɓe, ciwon sanyin mafitsara mara tsanani, mura mai zafi da ciwon maƙogwaro bayan an yi gwaji. A 2019 kuma majalisar ta ce ba sai hukuma ta jera ba. Muddin abin ya faɗa cikin iyakokin nan huɗu, famasis ya yi amfani da iliminsa.

To me zai hana shi wuce gona da iri? Ma'aunin da ake auna likita da shi, shi aka ɗora masa. Idan an kai ƙara, tambayar da hukuma za ta yi ita ce, shin wani famasis mai hankali, mai irin karatunsa da gogewarsa, zai yi abin da ya yi? Idan amsar a'a ce, lasisinsa na cikin haɗari. Ƙa'idojin farko sun kuma ce dole ya samu horo a kan ciwon da yake magani, ya binciki mara lafiya bisa tsari, ya tura shi asibiti idan abin ya fi ƙarfinsa, ya rubuta abin da ya yi, ya kuma sanar da likitan mutumin cikin 'yan kwanaki. Ku riƙe waɗannan sharuɗɗan, zan dawo kansu. Colorado a 2021 da Montana a 2023 sun yi dokoki masu kama da na Idaho, Iowa ma ta sake fasalin dokarta a 2024 ta nufi wannan hanya.

Likitoci ba su yi shiru ba, kuma a gaskiya hujjarsu ba ta banza ba ce. Babbar ƙungiyar likitocin Amurka tana yaƙar irin waɗannan ƙudirori a majalisun jihohi. Suna cewa famasis ya san magani, amma ba a horar da shi gano cuta kamar likita ba. Macen da ta zo da zafin fitsari, wataƙila ciwon ya riga ya hau ƙoda, wataƙila ciki gare ta. Suna kuma cewa wanda ke rubutawa kuma shi ke sayarwa, akwai jarrabawa a gabansa, musamman a kan magungunan kashe ƙwayoyin cuta da yawan shansu ke sa su daina aiki. Wannan damuwa tsohuwa ce, tun ƙarni na 13 sarki Frederick na Biyu ya raba sana'ar likita da ta mai sayar da magani a masarautarsa ta Sisili. Su kuma famasis suna cewa takardar tambayoyin an tsara ta ne don ta kamo irin waɗannan alamu a tura mutum asibiti, kuma ga wanda ke ƙauye zaɓin da ke gabansa sau da yawa famasis ne ko kuma haƙuri da ciwo. Kusan mutum tara cikin goma a Amurka suna zaune ne ƙasa da mil biyar daga wani famasi.

Korona ta zo ta hanzarta komai. A Agustan 2020 gwamnatin tarayya ta yi amfani da wata dokar gaggawa ta tsallake dokokin jihohi, ta ce famasis a ko'ina na iya yi wa yara daga shekara 3 zuwa 18 rigakafi. Daga baya ta ba mataimakansu ma damar yin allura, abin da Idaho ta riga ta fara tun 2017. Allurar korona fiye da miliyan 300 aka yi a kantunan magani. A Yulin 2022 FDA ta yarda famasis ya rubuta maganin korona na Paxlovid. Da jama'a suka saba, jihohi da yawa suka shigar da waɗannan damammaki cikin dokokinsu don kada su tafi da tafiyar annoba.

Sai dai an ƙara musu aiki ba a ƙara musu hannu ba. A manyan kamfanonin da ke da dubban rassa, famasis ɗaya ne zai duba ɗaruruwan takardu a yini, ya yi allura, ya amsa waya, ya yi ta fama da kamfanin inshora, a sama kuma ana auna shi da yawan abin da ya fitar. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. A Satumbar 2023 famasis na kamfanin CVS a yankin Kansas City suka ƙi fita aiki, a Oktoba na Walgreens suka bi baya a wurare daban-daban. Abin lura, ba ƙarin albashi suka sa a gaba ba. Cewa suka yi a wannan yanayi wata rana za su ba wani maganin da zai kashe shi.

Nan ma jihohi ne suka motsa. Kalifoniya tun 2021 ta haramta wa manyan kamfanoni ƙayyade wa famasis adadin takardu ko allurar da dole ya cika. A 2023 ta ƙara wata doka da ta ba famasis mai kula da reshe ikon yanke shawara kan yawan ma'aikatan da ake buƙata, ta kuma tilasta kai rahoton kurakuran magani. A Ohio hukumar famasi ta binciki rassan CVS, aka daidaita a farkon 2024 kamfanin ya biya dala miliyan ɗaya da rabi, sannan hukumar ta fitar da ƙa'idoji kan hutun cin abinci da yawan ma'aikata.

Akwai kuma inda siyasa ta shigo. Kun san ivermectin, wanda ake rabawa a ƙauyukanmu da sunan Mectizan don cutar makanta da ƙudan bakin kogi ke kawowa. Magani ne mai daraja a kan tsutsotsi. Lokacin korona wasu a Amurka suka yi imani yana maganinta, manyan gwaje-gwaje kuma ba su nuna haka ba. Duk da haka Tennessee a 2022, sannan Arkansas da Idaho da wasu jihohi a 2025, suka yi dokokin da ke sauƙaƙa samunsa ba tare da takardar likita ba. Ƙofar da aka buɗe saboda ƙarancin likitoci, ta nan ɗin 'yan siyasa ke iya shigo da abin da magoya bayansu ke so. Wannan shi ne farashin barin majalisa ta yanke hukunci a kan magani ɗaya-ɗaya.

Ga kuma wata matsalar da dokar ba da iko ba za ta warware ba: kantunan kansu suna rufewa. Walgreens ya sanar a 2024 zai rufe rassa 1,200 cikin shekara uku, kamfanin Rite Aid kuwa ya durƙushe gaba ɗaya a 2025. Ƙananan famasi suna kukan cewa dillalan da ke tsakaninsu da kamfanonin inshora suna biyansu ƙasa da kuɗin da suka sayo maganin. Arkansas ta yi doka a kan haka, rigimar ta kai kotun ƙoli, a Disambar 2020 kotun ta ce jiha na da ikon sa wa dillalan linzami. Idan famasin ƙauye ya rufe, duk ikon da majalisa ta rubuta masa ya tafi da shi.

To mu dawo gida. Idan kun lura, abin da Amurka ke ta muhawara a kai shekara saba'in, mu muna yinsa kullum. Mai kemis ɗin da aka aike ni wurinsa yana rubuta magani, yana sayarwa, wasu har allura da ƙarin ruwa suke yi, alhali lasisinsu na sayar da magungunan da ba sa buƙatar takarda ne kawai, a cikin kwalinsu na asali. Dalilinmu da na Idaho ɗaya ne, likita ya yi nisa ko ya yi tsada. Ni ba na cikin masu zagin masu kemis, domin da babu su da mutane da yawa ba su ga magani ba. Gwamnatinmu ma tana motsi ta nata ɓangaren. An hana haɗawa da shigo da maganin tari mai kodin a 2018, an yi sabuwar dokar hukumar famasi ta ƙasa a 2022, a 2024 kuma bayan hukuncin kotu aka matsa wa dillalan magani na Sabon Gari a Kano su koma sabuwar cibiyar da ke Dangwauro.

Amma ku tuna sharuɗɗan Idaho da na ce ku riƙe. An horar da mutumin a kan ciwon. Ya ga mara lafiyar da idonsa. Ya san inda iyakarsa take, ya tura gaba. Ya rubuta abin da ya bayar. Kuma akwai hukumar da za ta iya ƙwace lasisinsa. A aiken da aka yi mini ina yaro babu ko ɗaya daga cikin biyar ɗin nan. Da maganin ya yi wa ƙanwata illa, babu takardar da za ta nuna me ta sha, mu kanmu fari da ja kawai muka sani. Ra'ayina shi ne, faɗaɗa ikon famasis abu ne mai kyau a duk inda likitoci suka yi ƙaranci, kuma mu mun fi Idaho buƙatarsa. Sai dai labarin Framingham ya nuna cewa lasisi a bango ba ya kare kowa idan mai duba shi yana barci, labarin Kansas City kuma ya nuna cewa ko ƙwararre ne, idan aka jibga masa aikin mutum uku zai yi kuskure.

Kafin doka ta iso unguwarku, akwai abin da ke hannunku. Duk lokacin da aka ba ku magani, ku tambayi sunansa, ku sa a rubuta muku, ku ajiye kwalin. Ku faɗa idan akwai ciki, ko hawan jini, ko wani maganin da ake sha. Idan an haɗo muku ƙwayoyi tsirara a leda ba suna, kuna da haƙƙin ku ce a'a. Idan kwana biyu zuwa uku babu sauƙi, musamman ga yaro, a tafi asibiti.

Nan za mu dakata a wannan mako. Wanda yake karatun famasi ko yake da kemis a cikinku, ina son jin yadda kuke ganin abin daga bayan kanta. Allah Ya ba marasa lafiyarmu lafiya, Ya haɗa mu a shiri na gaba.